Taurari suna jan wutsiya a hotona, kuma ba na ganin tauraron arewa: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A Kano nake zaune. Na sayi na'urar hangen taurari ta hannu, irin mai madubi a gindi, faɗinta milimita 150, tsawon fokas 750, a kan mazauni mai inji wanda yake kai kansa wurin tauraro. Na haɗa mata kyamarar Canon. Littafin na'urar ya ce in saita da tauraron arewa, ni kuwa ban taɓa ganinsa daga gidanmu ba. Na yi saitin taurari uku, rimot ya ce an yi nasara, amma hoton daƙiƙa 30 duk taurarin sun ja wutsiya. Wani lokacin ma babu komai a allo sai baƙi, ko wasu zobba masu rami a tsakiya. Ga ƙarfen nauyi yana dukan ƙafar mazaunin. Kayan ne suka lalace ko ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, abubuwa huɗu ne suka taru maka a dare ɗaya: ba ka ganin tauraron da aka ce ka saita da shi, ƙarfen nauyi yana karo da ƙafa, taurari suna jan layi duk da rimot ya yaba maka, sannan kyamara ta ƙi kama fokas. A cikin abin da ka zayyana babu wanda ya yi mini kama da lalacewar kaya. Biyun farko laifin wurin da muke zaune ne a doron ƙasa, littafin kuma an rubuta shi ne da mutanen Turai da Amurka a zuciya. Sauran biyun kuwa kusan duk wanda ya fara wannan harka ya sha su.

Abin da mazaunin yake ƙoƙarin yi

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, tana kammala zagaye ɗaya dangane da taurari cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4. Ido ba ya lura da wannan, amma bututu mai tsawon fokas 750 yana lura sosai. Da Canon irin masu megafiksel 18, tauraron da ke tsakiyar sama, wato tsaka-tsaki tsakanin arewa da kudu, yana tsallake fiksel 12 zuwa 13 a kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 30 ya yi tafiyar kusan fiksel 380. Riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani nan gaba.

Mazauninka yana da sanduna biyu na juyi, rimot yana kiransu RA da DEC. Aikin sandar RA shi ne ta juya a hankali saɓanin juyawar duniya domin tauraro ya tsaya cak a hoto. Hakan ba zai yiwu ba sai sandar ta miƙe daidai da sandar da duniya take juyawa a kai, wato ta nuna cibiyar da sama take zagayawa a arewa. Tauraron arewa, Polaris, alama ce kawai ta kusa da wannan cibiya. Shi kansa ba a kanta yake ba, yana gefe da kusan kashi biyu cikin uku na digiri, abin da ya ɗan fi faɗin wata.

To a nan ne rimot ya yaudare ka. Saitin taurari uku ba ya taɓa inda sandar RA take nunawa. Abin da yake yi shi ne koya wa kwamfutar mazaunin inda taurari suke domin ta iya kai ka wurinsu. Kana iya yin sa da sanda a karkace, ya ce maka an yi nasara, ya kuma kai ka wurin tauraro daidai, amma da zarar an fara bi sai tauraron ya riƙa zamewa. Daidaita sahu ba ya gyara alƙibla. Saitin sanda da hannu ake yin sa, da sukurorin da ke gindin mazauni: biyu na hagu da dama, da na ɗagawa da saukewa. Maɓallan rimot ba su da hannu a ciki.

Me ya sa ba ka ganin Polaris

Tsayin cibiyar sama daga ƙasa daidai yake da latitud ɗin garinku. A Landan ya haura digiri 51, mutum ya ɗaga kai ya gan shi. A Kano digiri 12 ne, a Kaduna 10 da rabi, a Abuja 9, a Sakkwato 13, a Damagaram kusan 14. Miƙa hannunka ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Wato da dunƙule ɗaya da ɗan ɗoriya Polaris ya ɗara ƙasa. Gini mai tsawon mita 6 a arewacinka sai ka nisance shi da kusan mita 30 kafin tauraron ya leƙo ta samansa. Ko babu gini, haskensa yana ratsa iskar da ta kusa ninka ta saman kai sau biyar, kuma dama ba mai haske ba ne sosai. Idan hunturu ya shigo da hazo, sai dai ka haƙura da shi.

Shawarata ita ce ka daina jiran sa. Ni a nawa aikin, ƙaramin madubin duba Polaris da ke cikin sandar RA ya fi zama a rufe. Da rana nake fara saitin. Rataya zare mai ɗan nauyi a ƙasansa a wurin da za ka riƙa kafa na'urar, a lokacin da rana ta tsaya tsaka, wato zawali, inuwar zaren tana kwanciya ne daidai kan layin kudu da arewa. Kada ka ɗauka ƙarfe 12 ne. Agogon Najeriya da Nijar an gina shi a kan lonjitud 15 gabas, Kano kuwa tana kan 8 da rabi, saboda haka zawali yana faɗawa tsakanin kusan 12:10 a farkon Nuwamba da 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce a kwamfuta, za ta ba ka mintin ranar. Ka kiyaye mintin, domin a Disamba jinkirin minti biyu yana karkatar da inuwar kusan digiri ɗaya. In ba ka son dogaro da agogo, kafa sanda a miƙe, zana da'ira kewaye da ita, ka sa alama inda ƙarshen inuwa ya taɓa da'irar da hantsi da inda ya sake taɓa ta bayan azahar. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma. Wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana bi ta saman kai a Kano, inuwar ta gajarce har ba ta da amfani, watannin sanyi sun fi dacewa da wannan aiki. Ja layin da fenti, ka kuma sa alamar inda kowace ƙafa take zama. Sau ɗaya za ka sha wannan wahalar.

Kamfas na waya fa? A yankinmu bambancin arewar maganaɗisu da arewar gaskiya kaɗan ne, amma rodin da ke cikin dakali, tankin ruwa da ƙarfen mazaunin kansa suna ruɗa wayar da digiri da yawa. Ban yarda da ita a kusa da na'ura ba. Inda waya take da amfani shi ne auna tsayi: miƙe bututun daidai da sandar RA, ɗora wayar a kansa da manhajar auna karkata, ka murɗa sukurun ɗagawa har ta nuna 12. Ma'aunin digiri da aka manna a gefen mazauni sau da yawa yana kuskure da digiri ɗaya ko biyu.

Karon ƙarfen nauyi da ƙafa shi ma daga nan ya samo asali. Da aka sauke sanda zuwa digiri 12, ƙarfen ya rataya kusa da jikin ƙafafun, ƙafar arewa kuma tana kan hanyarsa. Duba saman ƙafafun, akwai ɗan ƙarfe a tsaye wanda sukurorin hagu da dama suke turawa. A yawancinsu ana iya kwance shi a mayar da shi ramin da ke ɗaya ɓangaren, sai nauyin ya koma yana lilo tsakanin ƙafafu biyu. Sai dai hakan yana sa na'urar ta fi saurin kifewa ta arewa, don haka rataya jarkar ruwa a tsakiyar ƙafafun. Hanya ta biyu ita ce ƙarin wuya tsakanin ƙafafu da kan mazauni, ana sayar da shi, mai walda mai hankali ma zai iya ƙera shi in ka kai masa kayan ya auna.

Daga digiri ɗaya zuwa minti biyar

Inuwa da waya za su kawo ka cikin kusan digiri ɗaya na cibiyar. Wannan ya isa kallo da ido, ya kuma isa hoto da gilashin kyamara na milimita 50. Bai isa 750 ba. Kuskuren digiri ɗaya yana iya zamar da tauraro fiksel 6 ko 7 cikin daƙiƙa 30 a na'urarka. Digiri ɗaya ana raba shi minti 60, kai kuwa kana neman ka sauko wajen minti 5.

Hanyar da na fi so ga mai farawa ba ta buƙatar komai sai kyamarar da ke hannunka, bayan ta kama fokas. Nemi tauraro mai matsakaicin haske a kudu, a sama sosai, kusa da layin da ya raba sama gabas da yamma. A Kano tsakiyar sama, inda rimot yake nuna DEC sifili, tana digiri 78 daga ƙasa ta kudu, kusan saman kai. Sa gudun rimot a mafi ƙanƙanta, ka buɗe kyamara na daƙiƙa 125. Daƙiƙa 5 na farko kada ka taɓa komai, domin a sami ɗigon farawa. Sannan danne maɓallin yamma daƙiƙa 60, ka koma na gabas daƙiƙa 60. Idan sanda ta daidaita, tauraron zai je ya dawo kan layi ɗaya. Idan ba ta daidaita ba, za ka ga baki a buɗe irin harafin V. Murɗa sukurorin hagu da dama kaɗan, ka sake ɗauka. Bakin ya ragu, ci gaba a wannan ɓangaren; ya ƙaru, koma baya. Akwai ƙa'idar da ke cewa in tauraro ya zame kudu to sanda ta yi gabas da yawa, amma madubai suna juya hoto har mutum ya rasa ina ne kudu, gwaji ya fi sauri. Da bakin ya rufe, juya wurin tauraro a gabas ko yamma, digiri 20 zuwa 30 daga ƙasa, ka maimaita, wannan karon da sukurun ɗagawa da saukewa kaɗai.

Rimot da yawa suna da gajeriyar hanya. A SynScan, bayan saitin taurari biyu ko uku, akwai wurin gyaran sanda a cikin jerin saiti: zai kai ka wurin tauraro, ya kauce kaɗan, ya ce ka dawo da shi tsakiya da sukurori. Rimot na kamfanin Celestron ma yana da irinsa. In kana da laftof, manhajar NINA tana da ƙarin da yake ɗaukar hoto a wurare uku na sama ya lissafa maka kuskuren ba tare da ganin arewa ba. Duk wadda ka bi, bayan ka taɓa sukurori sai ka sake saitin taurari, domin na farkon ya tashi aiki.

Tun da mun zo kan rimot, duba abin da ka shigar masa. SynScan wata yake fara tambaya kafin rana. Wanda ya rubuta 03/12 yana nufin 3 ga Disamba, rimot ya karanta 12 ga Maris, sama kuwa ta sauya da kusan digiri 100 tsakanin ranakun nan. Yankin lokaci +1 ne, tambayar ƙarin awa ta bazara kuma amsarta a'a, ba ma yin wannan. Wuri kuma da digiri da minti ake shigarwa: Kano 12 da minti 00 arewa, 008 da minti 31 gabas. Taswirar waya za ta nuna maka 8.52, wanda ba minti 52 ba ne. Kafin ka kunna, ƙarfen nauyi ya kalli ƙasa, bututu ya kalli arewa.

Karanta wutsiyar

Wutsiyar da ke hotonka ita ce babbar shaida, kuma ba iri ɗaya ba ce. Buɗe hoton a kwamfuta ka ƙara girmansa. Idan layin dogo ne, ɗaruruwan fiksel, daidai da wanda za ka samu in ka kashe injin, to ba saiti ba ne, mazaunin ne ba ya bi: ko kulocin RA, wanda yake ɗaure sandar da inji, a sake yake, ko ba a zaɓi gudun taurari ba, ko wuta ta yi kasa. Idan ya ninka haka, an saita shi a kudancin duniya, yana juyawa baya. Gajeren layi mai fuskantar gefe ɗaya da tsawo ɗaya a kowane hoto, shi ne kuskuren sanda. Idan wasu hotunan sun fito tsaf wasu sun ja, kuma abin yana dawowa duk bayan kamar minti goma, wannan daga haƙoran giya ne, kowane ƙaramin mazauni yana da shi. Ƙugiya ko zigizagi kuwa girgiza ce: iska, wayar wutar da ta maƙale, ko takunka a kan dakalin bene. Taurarin tsakiya zagaye, na kusurwa masu ɗan gashi da ke fuskantar waje, wannan halin madubi irin naka ne mai f/5, wato tsawon fokas ya ninka faɗinsa sau biyar, babu ruwan mazauni, akwai gilashin gyara da ake saya masa daga baya.

Kada ka manta da daidaita nauyi. Da kyamara da komai a ɗaure, saki kuloci ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da bututun, ka matsar da nauyi har ya tsaya duk inda ka bar shi. Kyamara tana rataye a gefen bututun irin naka, don haka juya shi cikin zobbansa har ta fuskanci ƙarfen nauyi. Wuta kuma 12V tsayayya yake so. Batirin da ya fara sanyi yana sa inji ya riƙa tsallake taki ba tare da ya mutu ba, ka yi ta neman laifi a wani wurin. In janareto ne, ka nisanta shi.

Zobba da baƙin allo

Zobe mai rami a tsakiya tauraro ne da bai shiga fokas ba, ramin kuma inuwar ƙaramin madubin da ke bakin bututu ce. Baƙin allo yawanci abu ɗaya ne: fokas ya yi nisa har hasken ya baje ya ɓace. Tambayar ita ce, kana murɗawa ciki zoben yana ƙanƙancewa har maƙogwaron fokas ya ƙure bai zama ɗigo ba? In haka ne, ka faɗa sanannen ciwon irin wannan na'ura. An ƙera da yawansu don gilashin ido, sensar Canon kuwa, wato ɗan allon da ke karɓar haske, tana can ciki milimita 44 daga bakin kyamara, da zoben T, wanda yake haɗa kyamara da na'ura, ta zama 55. Fara da cire duk abin da ke tsakani. Mariƙin gilashin ido yakan kwance, a ƙarƙashinsa akwai zaren da zoben T yake hawa kai tsaye, wannan kaɗai yakan wadatar. In bai isa ba, gilashin Barlow mai ninki biyu zai fito da fokas waje, sai dai ya mayar da tsawon fokas 1500, haske ya ragu ninki huɗu, kowace zamewa ta ninka. Ga wata da duniyoyi irin Jupita ya yi kyau, ga gajimaren taurari ban ba ka shawara ba. Maganin dindindin shi ne matso da babban madubi gaba kaɗan a cikin bututu, amma kada ka fara wannan sai ka iya daidaita madubai.

Yi gwajin da rana a kan ƙarfen sabis ko hasumiya mafi nisa da kake hange, ka daidaita ƙaramin madubin nema a kansa a lokaci guda. Ko kusa da rana kada bututu ya nuna, tana makantarwa nan take, tana kuma ƙona sensa. Da dare fara da wata ko Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske, ka ƙara girman allo sau 10 ka murɗa har ɗigon ya kai ƙarshen ƙanƙanta. Marufin Bahtinov, wanda za ka iya yankawa daga kwali, yana sauƙaƙa wannan: in ka ɗora shi a bakin bututu tauraro yana fitar da layuka uku, ka murɗa har layin tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun da suka gitta. Ƙulle fokas, ka sake dubawa bayan awa ɗaya in dare ya yi sanyi.

Saitin kyamara gajere ne: yanayin M, RAW, ISO 800 ko 1600, kashe saitin rage ɗigo-ɗigo na dogon ɗauka, kada yatsa ya taɓa maɓalli, yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu ko rimot na waya. Fiye da daƙiƙa 30 sai ka koma yanayin B, wanda yake barin kyamara a buɗe har ka rufe ta. Zafinmu yana ƙara ɗigo-ɗigon sensa sosai, don haka kashe allo tsakanin hotuna, kuma a ƙarshe rufe bututu ka ɗauki hotunan duhu kamar 20 da saiti ɗaya kafin kyamarar ta huce. Manhajojin Siril ko DeepSkyStacker za su yi amfani da su su cire ɗigo-ɗigon, su tara sauran hotunan wuri ɗaya.

Iyakar abin da za ka samu

Ko sanda ta daidaita sarai, mazauni irin wannan a tsawon 750 ba tare da kyamara ta biyu mai gadin tauraro ba, daƙiƙa 30 zuwa 60 ne rabonsa, kuma za ka zubar da wasu hotunan. Wannan ba gazawa ba ce: hotuna 100 na daƙiƙa 30 minti 50 ne na haske. Gajimaren Orion, M42, yana hawa digiri 73 a Kano a dararen Disamba zuwa Fabrairu, a can sama hazo bai kai na gefe kauri ba, kuma yana da hasken da daƙiƙa 15 ma za ta nuna shi. Sararin da ya fi tsabta kuwa yakan zo ne bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauka, da kuma daren da ruwa ya wanke sama.

Da ni ne kai, daren farko zan sauke bututun gaba ɗaya, in ɗora kyamara da gilashinta na yau da kullum a kan mazaunin, in nufi Kaza da 'Ya'yanta in ɗauki minti ɗaya. Taurari suka fito zagaye, ka san inji da wuta da rimot lafiya suke, saura sanda da fokas. In za ka fita bayan gari neman duhu, sanar da mai unguwa ko 'yan sintirin wurin tun da rana. Farin bututu a kan ƙafafu uku da tsakar dare yana jawo tambaya.

Daga nesa ba zan yanke hukunci kan giyar na'urar hannu ba, wani lokacin mai ita na farko ya bar haƙoran da sako-sako. Kama ƙarshen sandar nauyi da kuloci a ɗaure ka girgiza a hankali, in ka ji ƙwas-ƙwas to akwai gyaran da za mu yi magana a kai. Aiko mini da hotuna biyu na tauraro ɗaya, kowanne daƙiƙa 30, ɗaya inji a kunne ɗaya a kashe, ba tare da ka rage girmansu ba, da hoton allon rimot inda ka shigar da kwanan wata da wuri.